Tsofaffin Motocin Hanyar Argungu: Kada A Auna Tarihi A Sikeli

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu, ta wajen Zauro da Ambursa, in ya lura da bayan gidaje da gefen garejin kanikawa, ba ya rasa ganin gangar wata tsohuwar mota a yashe, tayu sun nutse cikin rairayi, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Yara suna ganinta tarkace ne. Amma in dattijo ya tsaya kanta, sai ka ji ya ambaci sunan mai ita, da sunan direbanta, da shekarar da ta fara shigowa gari. To, waɗannan motoci suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, gama 'yan gwangwan suna saye a sikeli, su sassare, su aika wurin narkarwa. Ya kamata malamai da attajirai su dubi al'amarin tun da sauran abin da za a tsirar.

Dalilin da ya sa mota ta yi daraja a ƙasar Kabi fiye da wurare da yawa shi ne, jirgin ƙasa bai taɓa zuwa nan ba. Dogo ya iso Kano a 1911, reshensa ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, daga nan bai ƙara gaba ba. Watau Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi da Jega duk an bar su da jaki da raƙumi da jirgin ruwa. Da babbar mota ta zo, ita ta gaji ayari. Ita ke ɗaukar shinkafar fadama, da busasshen kifi, da albasa, da fatu, ta kai bakin dogo ko manyan kasuwanni, ta komo da atamfa da kananzir da goro da gishiri. Tafiyar da madugu ke yi cikin makonni, direba ya mai da ita ta kwana ɗaya ko biyu.

Cikin manyan motocin wancan zamani, wadda ta fi zama a bakin mutane ita ce Bedford, ƙirar Ingila, wadda aka fara yi a 1931. Kai da ƙashi kaɗai ake kawowa, kafintocin ƙasa su ɗora mata bodin katako, masu fenti su zana mata furanni da zaki, su rubuta mata wata kalma ta haƙuri ko ta addu'a a goshi. Daga baya Mercedes 911 mai gajeren hanci ta zo ta karɓe hanya. Kowace mota da yaronta. Shi ke zura ƙarfe mai lanƙwasa a gaban inji ya murɗa har ta tashi, shi ke dirowa da gungumen itace ya toshe bayan taya in ta tsaya a hawa, shi ke ɗebo ruwa a rafi ya zuba a lagireto in ta yi zafi. Daga yaron mota ake zama direba, bayan shekaru ana bauta, kamar yadda almajiri ke zama gardi kafin ya zama malami.

Alhazan dā ma sun san darajarta. Kafin jirgin sama ya yawaita, masu niyyar hajji da yawa a bayan babbar mota suka bi ta Kano da Maiduguri, suka ƙetare zuwa Fort Lami, wadda yau ake kira Njamena, suka ratsa ƙasar Sudan har bakin Bahar Maliya. Wahala ce mai yawa, amma ta rage tafiyar da kakanninsu ke yi a ƙasa shekara da shekaru.

Ƙananan motoci kuwa, kowace da halinta. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948, ita ce motar rangadi. Jikinta na sanholo ne, ba ya tsatsa, ƙafafunta huɗu duk suna ja, saboda haka da damina, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya malale fadama, hanya ta zama taɓo, ita ke wucewa inda sauran suka kafe. Volkswagen mai doron kunkuru injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ta shan ruwa ko kaɗan, shi ya sa malaman makaranta da akawuna suka so ta.

Amma sarauniyarsu duka ita ce Peugeot ta Faransa, wadda Hausawa suka lanƙwasa sunanta suka ce Fijo. Mai lamba 403 ta fito a 1955, mai lamba 404 a 1960, mai lamba 504 a 1968. A-kori-kura ta 404, mai rumfar tamfol, ta yi jigilar buhunan shinkafa da 'yan kasuwa tsakanin ƙauyuka har ba iyaka. Ita kuwa 504 mai kujeru layi uku ta zama motar tasha, daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Kano. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa ta a Kaduna, a wannan shekara kuma ta ci babban tseren motoci na ƙasar Kenya, wanda ake yi cikin daji da taɓo, kamar yadda yayarta 404 ta ci shi sau huɗu tsakanin 1963 da 1968. Asirinta ba wani boyayye ba ne: cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, injinta kuma ba shi da wuyar sha'ani. Bakanike mai sifana da sukundireba zai kwance kafireto a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya mayar, ta tashi. Motar yau kuwa sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta.

Akwai wata alama da mai karatu zai gane shekarun mota da ita. Ran 2 ga watan Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu na hanya ta koma dama. Motocin da aka kawo kafin ran nan sitiyarinsu a dama yake, irin na Ingila. Saboda haka in ka ga tsohuwar mota a bayan gida da sitiyari a dama, mai yiwuwa ne da fam da sule aka saye ta, gama naira ba ta fito ba sai ran 1 ga watan Janairu 1973.

Wani zai ce, ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, me za a yi da ƙarfen da ya mutu? Amsa ita ce, ba a ce a koma hawan Bedford zuwa Sakkwato ba. Motar yau ta fi sauri, ta fi sanyi, ta fi kare rai in hatsari ya auku. Abin da ake cewa shi ne, da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen da suka ƙera motocin nan ba su zubar da nasu ba. A Ingila kowace shekara cikin watan Nuwamba ana jerin gwano daga London zuwa Brighton, ba a yarda wata mota ta shiga ba sai wadda aka ƙera kafin 1905. A 2022 an yi gwanjon wata Mercedes ƙirar 1955 a Jamus, aka saye ta Yuro miliyan 135. A nan gida ma, motar da aka harbi Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga watan Fabrairu 1976 an ajiye ta a gidan tarihi na Ikko, mutane suna zuwa suna gani da idonsu abin da suka ji a labari.

Ƙasar Kabi kuwa ba baƙuwa ba ce ga adana kayan dā. Tsohuwar fadar Argungu, wadda aka gina a 1831, an mai da ita gidan tarihi na Kanta a 1958, ana ajiye makamai da kayan yaƙi da na sarauta. Bukin kamun kifi, wanda aka kafa tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har tseren motoci an shigar cikin wasanninsa. To, in takobi da sulke sun cancanci ɗaki, motar da ta ciyar da gari shekara 30 ba ta cancanci rumfa ba?

Ga wanda Allah ya sa ya gaji irin wannan mota, aikin ba mai tsada ba ne. Ya shigar da ita inuwa, domin rana ke cin fenti da roba. Ya ɗora ta bisa duwatsu ko gungume don tayu su huta. Ya cire batir, ya toshe kafofin da ɓera ke shiga ya ci waya, ya duba bodin katako saboda gara. In tana tashi, ya riƙa tayar da ita lokaci lokaci, ya sake mata baƙin mai. Kada ya yar da takardunta, ko lambarta ta farko, ko rasidin saye, gama a wurin masu neman tsofaffin motoci, mota mai takardu ta fi marar takardu kuɗi nesa ba kusa ba. In magada sun matsa a raba gado, a sa wanda ya san darajarta ya yi mata kuɗi, kada a bar sikeli ya yanke hukunci.

Malamai kuma suna da nasu rabo cikin aikin. Su ne suka san amfanin rubuta wane ya karɓa daga wane. Tsofaffin direbobi da yaran mota da kanikawa na zamanin Bedford saura kaɗan, kowace shekara ana rasa waɗansu. A zauna da su a rubuta, ko da ajami ko da boko: wa ya fara kawo mota garin, nawa ake biya zuwa Gusau, ina ake kwana in gulbi ya hana wucewa, wace hanya aka bi zuwa Makka. Takarda ɗaya da aka rubuta yau ta fi littafi guda da za a yi ƙoƙarin tunowa bayan masu labarin sun kau.

Ɗan gwangwan ba ya tambayar sunan mota, nauyinta kawai yake tambaya. Mai ita ne zai san abin da yake sayarwa. Allah ya ji ƙan direbobin dā, ya kiyaye na yanzu a bisa hanya. Wassalam.