Dodon da ya zama saurayi: gobilin da daji a littattafan soyayya na Turanci

Ɗalibin da ya zo fassara labarin Turanci zuwa Hausa, sau da yawa kalmar gobilin takan tsayar da shi. Zai fara tunanin "dodo" ko "aljani", amma babu wanda ya cika ma'anar. A tatsuniyoyin Turai gobilin wata halitta ce gajera, mummuna, mai ƙeta da kwaɗayin zinariya, wadda ke zaune a ƙarƙashin ƙasa ko cikin ƙungurmin daji. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a wasu littattafan zamanin nan sarkin waɗannan halittu shi ne saurayin da budurwa take so.

Wasu daga cikin irin waɗannan littattafai ana sa su a rukunin da ake kira New Adult, wato na sababbin manya. Sunan ya yaɗu ne daga shekarar 2009, lokacin da kamfanin ɗab'i na St. Martin's Press a birnin New York ya sa gasar neman labaran da jarumansu suka wuce ƙuruciya amma ba su gama zama manya ba, kamar ƴan shekara 18 zuwa 25. Damuwarsu ita ce barin gidan iyaye, aikin farko da soyayya, kuma ana bayyana sha'awa a fili fiye da yadda ake yi a littattafan matasa. Iyakar rukunonin biyu dai ba ta da ƙarfi. Sau da yawa mai ɗab'i ne ke yanke inda za a ajiye littafi a kanti.

Tushen labarin ya daɗe. A 1862 Christina Rossetti, marubuciya ƴar Ingila, ta fitar da doguwar waƙa mai suna Goblin Market. A ciki gobilin na tallar ƴaƴan itace da yamma. Laura ta saya da ɗan gashin kanta, ta ci, daga nan ta shiga ramewa. Ƴar'uwarta Lizzie ta je wurinsu, suka dake ta don ta ci, ta ƙi buɗe baki, ruwan ƴaƴan itacen da suka shafe ta da shi ya zama maganin Laura. A nan gobilin mayaudari ne tsantsa, ba wanda za a so ba. Sauyin ya fito fili a fim ɗin Labyrinth na 1986, inda mawaƙi David Bowie ya fito a matsayin Jareth, sarkin gobilin. Talakawansa munana ne, shi kuwa kyakkyawa ne mai kwarjini da daɗin baki.

Marubutan baya sun gaji wannan sarki. A 2017 S. Jae-Jones ta fitar da Wintersong, labarin Liesl, wata mai tsara kiɗa a yankin Bavariya na Jamus, wadda ta yarda ta auri sarkin gobilin don ta fanso ƙanwarta. A shekarar ce kuma Molly Ringle ta fitar da The Goblins of Bellwater, ta ɗauko labarin Rossetti na ƴan'uwa mata biyu ta kai shi dazuzzukan jihar Washington a Amurka ta yau, mai motoci da wayar hannu.

Daji a waɗannan labarai ba ado ba ne. Wuri ne da dokar gari ba ta aiki, yana da tasa dokar: kada a ci abin da aka ba mutum, kada a bar hanya, alkawarin da aka yi a ciki ba ya warwaruwa. Yarinyar da ta shiga ta fita daga ikon iyaye, amma ta faɗa wani ikon. A nan ne babbar tambayar take: idan an sace mutum ko an yi masa sihiri, sannan ya ce yana so, son nasa ne? Littattafai masu kyau sukan tsaya a kan wannan tambaya, su bar jaruma ta zaɓa bayan sihirin ya karye. Da yawa kuwa, a ganina, sukan lulluɓe ta da kyawun sarkin su wuce.

Mu koma ga fassara. "Dodo" ya dace da muni da ban tsoro, kuma a tatsuniyoyinmu ma Dodo yakan auri yarinya. Sai dai shi ƙato ne, galibi shi kaɗai, gobilin kuwa ƙanana ne masu yawo a ƙungiya. "Aljani" ya fi kusa ta fuskar rikiɗa, da zama a itace kamar tsamiya ko kuka, da aurar bil'adama. Amma aljani abu ne na imani a wurin mai karatun Hausa, alhali mai karatu a Amurka yana ɗaukar gobilin almara ce kawai. Shawarar da muke ba ɗalibi ita ce ya bar kalmar yadda take, ya bayyana ta da jimla ɗaya a wurin da ta fara fitowa, ya ajiye "dodo" don bakin ƴan labarin, lokacin da suke magana cikin tsoro ko zagi.