Ina Ruwan Lagireton Yake Tafiya?

Motar Corolla ce, ta wani malamin makaranta a unguwarmu. A cikin Kano lafiyarta lau, ko a cunkoson Kantin Kwari ba ta ɗaukar zafi. Amma da zarar ya hau hanyar Zariya, kafin ya kai Kwanar Ɗangora allurar zafi ta haura sama. In ya tsaya inji ya huce, sai ya tarar ruwan lagireto ya ragu sosai, alhali ko ɗigo babu a ƙasa.

Bakaniken farko ya cire abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce wannan ƙarfen na ƙasashen sanyi ne. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a garejojinmu, kuma tana ba ni haushi, don injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa mai yake sha, ya kuma tsufa da wuri. Matsala ba ta gushe ba. Na biyu ko bonet bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci: gaskit ya ƙone, sai an buɗe kan inji.

Wani direban haya ne ya tura shi wurin wani dattijo da ke aiki a gindin dalbejiya. Dattijon bai ɗauki sifana ba, tambaya ya fara.

"Malam, in ka tada ta da safe, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri?"

"A'a, Baba."

Ya zaro sandar auna baƙin mai. Man yana nan yadda yake, bai koma kalar shayi da madara ba, wato ruwa bai shiga cikinsa ba. Da yake inji a sanyaye yake, ya buɗe lagireto, ya cika shi, ya sa aka tada mota, ya tsura wa bakin ido. Babu kumfa mai tasowa. Da gaskit ya ƙone, da wuya a rasa ɗaya daga cikin alamun nan uku. Maganar buɗe inji ta faɗi.

Sai ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa tiyo-tiyo, ya duba famfon ruwa. A bushe suke. To ina ruwan ke bi? Amsar tana jikin 'yar robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto: cike take har wuya, ga busasshen sawun ruwa mai tsatsa ya gangaro daga bakinta. Ashe ruwan barin lagireto yake yi ya taru a can, ya malale a kan titi ana cikin gudu, ba ya kuma komowa.

Ya mayar da murfi, ya bar inji ya yi zafi sosai, sannan ya naɗe hannu da tsumma ya matsa tiyon sama. Ya lotsa ba gardama.

"Ka gani? Kamata ya yi ya yi tauri. Babu matsi a ciki."

Suka jira ta huce, domin buɗe lagireto da zafi ya sha ƙona fuskokin mutane. Ya juya murfin ya nuna masa robarsa, ta bushe ta tsattsage. A samansa an buga 1.1, adadin matsin da ya kamata ya riƙe. Ruwa a buɗe yana tafasa ne a kusan digiri 100, amma in murfi ya riƙe wannan matsin sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. A cikin gari zafin bai isa ya tafasa ruwan ba, ko da murfin ba ya riƙe matsi. A doguwar hanya kuwa, ga gudu ga na'urar sanyaya mota a kunne, sai ruwan ya tafasa ya tsere. Da inji ya huce, maimakon ya zuƙo ruwansa daga robar ajiya, iska yake zuƙa ta tsagar murfin.

Dattijon bai karɓi kuɗin sayen kaya ba. Ya miƙa masa tsohon murfin ya ce ya je Ƙofar Ruwa da kansa ya nemo mai lamba iri ɗaya, ya haɗo da ƙarfen da aka cire masa. Aka mayar da fanka kan wayarta ta asali, aka wanke lagireto, aka zuba ruwan sanyaya inji na galan, aka daina ɗura na rijiya mai kawo tsatsa. A tafiyarsa ta gaba ya isa Samaru allura tana tsakiya.