Sharar Bariki da Ruwan Fadama: Wa Ke da Alhakin Dubawa?

Ranar 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai na barikin Ikeja da ke Legas ya tarwatse, fiye da mutum 1,000 suka halaka, da yawansu a magudanar Oke-Afa sa'ad da suke gudun tsira. Sai a Oktoban 2023 rundunar sojan ƙasa ta ƙaddamar da aikin kwashe ragowar bama-baman da ke binne a wurin. Jinkirin shekara 21 ke nan.

Ba fashewa kaɗai ke kisa ba. Duk inda soja suka daɗe akwai baƙin mai, man gas da ke yoyo daga tankuna, matattun batura da dalmar harsashi a filin koyon harbi. Ruwan sama kan kai su ƙasa sannu a hankali. Illar dalma kuwa ba baƙuwarmu ba ce: a 2010 ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara.

A kwarin Rima lamarin ya fi tsanani, domin ruwa na kusa da doron ƙasa. Da shi manoman Argungu da Birnin Kebbi ke shayar da shinkafar rani, shi ake sha a rijiyoyi, kuma daga kogin Matan Fada masunta ke cin abinci. Ga barikin Dukku a Birnin Kebbi, ga ƙarin dakaru da aka girke tun bayan harin Lakurawa a garin Mera cikin Nuwamban 2024. Muna bukatarsu ƙwarai, kuma ba zargi ake yi ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Dokoki muna da su. Gubar da aka jibge a Koko daga Italiya ta haifar da Doka ta 42 ta 1988, sannan aka kafa hukumar NESREA a 2007. Sai dai jami'in farar hula ba ya ƙetare ƙofar bariki cikin sauƙi. Amurka ta warware wannan a 1986, da ta yi wa dokarta ta 1980 kwaskwarima, ta tilasta wa sansanonin soja bin ƙa'idar da masana'antu ke bi: binciken farko, gwajin ƙasa da ruwa, sauraron jama'ar yankin, rubutaccen hukunci, sannan sake dubawa duk shekara 5 muddin akwai ragowar guba.

Irin wannan tsari ya kamata wakilan Kebbi a Majalisar Tarayya su nema. Kafin nan, gwamnatin jiha na iya haɗa kai da rundunar soja da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a auna rijiyoyin da ke kewaye da bariki, a bayyana sakamakon. Iyalan soja ne ma farkon masu shan wannan ruwa.