Allura, Mazari da Tattaki: Natsuwar da ke Cikin Aikin Hannu a Birnin Katsina

Masana tarihin da suka yi rubutu a kan birnin Katsina, tun daga Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka a garin a 1851 ya kuma dawo a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, har zuwa marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981, sun fi kallon sana'o'in hannu ta fuskar tattalin arziki, wato yadda jima da dukanci da rini da saƙa suka haɗa garin da kasuwannin Agadas da na Arewacin Afirka. Sunayen tsofaffin unguwanni irin su Marina, inda ake da karofin rini, da Darma, wadda aka sani da ƙira, sun isa shaida cewa sana'a ce ta tsara zaman mutane a cikin ganuwa. Akwai kuma wani amfani na waɗannan ayyuka da ba a cika tsayawa a kansa ba, ga shi kuwa yanzu ne aka fi bukatarsa, shi ne abin da aikin hannu ke yi wa zuciya da jikin mai yin sa, musamman idan aka haɗa shi da motsa jiki a hankali cikin natsuwa.

Kafin a gane wannan amfani sai an fahimci abin da damuwa ke haddasawa a jiki. Jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da numfashi da narkewar abinci, waɗanda ke aiki ba tare da mutum ya ba su umarni ba, sun kasu kashi biyu: kashin da ke shirya jiki domin gudu ko faɗa idan an ga haɗari, da kashin da ke mayar da shi hutu idan haɗarin ya wuce. Na farkon yakan sa a saki sinadarai irin su adiranalin da kotizol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, naman wuya da kafaɗu su ɗaure. Wannan kuwa rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona, amma wahala ce ga magidancin da tunanin kuɗin haya da na makaranta ke tayar masa da wannan yanayi safe da yamma, domin jikinsa ba ya bambanta haɗarin da ke gabansa da wanda ke cikin saƙe-saƙen zuciyarsa. Wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard a Amurka, Herbert Benson, ya bayyana a littafinsa na 1975 cewa mutum na iya farkar da kashi na biyun da gangan, daga baya kuma ya nuna cewa abubuwa biyu ne ginshiƙin hakan: maimaita wata kalma ko wani motsi, da kuma ƙyale duk tunanin da ya kutso a koma ga maimaitawar ba tare da an yi kokawa da shi ba.

Duk wanda ya san ɗinkin hula zai ga cewa waɗannan sharuɗɗa biyu suna cikinsa. Mai zane yakan fara fitar da fasalin a kan farin yadi, sannan mai ɗinki ya bi zanen da allura yana cike gida-gida, kowane rami da adadin sukan da yake bukata da launin zaren da ya dace da shi, kuma hula mai kyau, irin Zanna Bukar, takan ci makonni kafin a haɗa ta, a wanke, a sa mata sitaci, a ɗora a kan itace a buga ta. Aikin bai yi sauƙin da hankali zai bar shi ya tafi yawo ba, domin kuskuren gida ɗaya yakan bayyana a layin da ke biye, kuma bai yi wuyar da zai sa gwani fargaba ba. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin ƙasar Hangare da ya yi aiki a Jami'ar Chicago, ya shafe shekaru yana nazarin wannan matsakaicin hali, inda nauyin aiki ya yi daidai da ƙwarewar mai yin sa, manufa ta fito fili, sakamako kuma yana bayyana nan take, har mutum ya nutse a cikin abin da yake yi ya manta da wucewar lokaci. Littafin da ya yaɗa wannan bayani ga jama'a ya fito a 1990.

Kaɗi, wanda a da kusan kowace tsohuwa a cikin gari ta iya, ya fi ɗinki nuna wannan hali, domin jiki duka yana cikinsa. Bayan an gurje auduga an fitar da angurya, an shiɓe ta da baka ta yi laushi, mai kaɗi takan shafa alli a yatsu, ta murza mazari da hannun dama, hannun hagu kuma yana ɗagawa sama a hankali yana sakin auduga gwargwadon kaurin da ake so, ko siririn zare ko abawa, sannan ya sauko a naɗe abin da aka kaɗa. Wannan ɗagawa da saukewa, da ake maimaitawa ɗaruruwan lokuta a zama ɗaya, yakan ja numfashi ya bi sahunsa, kuma idan mai kaɗi ta yi gaggawa ko ta fusata zaren yakan tsinke, don haka aikin da kansa yake koya mata sassauci. Zaren masana'anta da yadin da ake shigowa da shi sun kusa kawar da kaɗi, kuma asarar ba ta tsaya ga kuɗin da tsofaffi ke samu ba, ta haɗa da wani abin yi mai daraja da ke cika musu yini.

Binciken zamani ya goyi bayan wannan fahimta, ko da yake ya kamata a karɓe shi da awo. A 2013 wata mujallar masu jinya ta hanyar sana'a a Ingila ta buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu saƙar ulu 3,545, inda aka ga cewa waɗanda suka fi yawan yin saƙa sun fi faɗin suna jin natsuwa da farin ciki, waɗanda ke yi cikin ƙungiya kuma sun fi jin daɗin hulɗa da mutane; sai dai masu amsa tambayoyin mutane ne da dama can suke son saƙar, saboda haka binciken ya nuna dangantaka ne, bai tabbatar da cewa saƙar ce sanadi ba. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya tattara sakamakon bincike sama da 3,000 kan fasaha da lafiya, ya kuma kammala cewa ayyukan fasaha na taimakawa wajen rigakafi da kuma jinya. Jinya ta hanyar sana'a, wato sanya mara lafiya yin wani aiki mai ma'ana domin ya farfaɗo, ta zama fanni mai zaman kansa a Amurka a 1917, kuma ta bunƙasa ne lokacin da aka riƙa koya wa sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raunata jiki da hankali saƙa da sassaƙa da aikin fata.

Abin da binciken masu saƙar ulu ya gano game da ƙungiya tsohon abu ne a Katsina, domin ba a cika yin sana'ar hannu a kaɗaice ba. Maɗinka hula da riga sukan zauna a zaure ko a inuwar bishiya a ƙofar gida, mata kuma a tsakar gida suna saƙar faifai ko ɗinkin hula, kuma hirar da ake yi ido na kan aiki tana da wani sauƙi na musamman ga mutanen da kunya da kara suka hana su duban juna su faɗi abin da ke damunsu.

Duk da haka, kuskure ne babba a ɗauka cewa aikin hannu shi kaɗai ya wadatar, domin yawancin waɗannan sana'o'i na zama ne, kuma zaman yana da nasa lahani. Maɗinkin da ya duƙa sa'o'i biyar ko shida a kan tabarma yakan ƙare da ciwon baya da na wuya da sagewar yatsu, idanunsa kuma su gaji, balle idan yana aiki da dare da hasken tocila. Sannan akwai maganar da ba ta da daɗin ji, wadda dole a faɗe ta: matar da ke ɗinka hula cikin gaggawa saboda dillali na jira, kuma ladan da za a ba ta bai kai wahalar makonnin da ta yi ba, ba za ta sami natsuwar da ake magana a kai ba, domin matsin da aikin ya kamata ya sauke mata shi ne yake ɗora mata. Biyan masu sana'a farashin da ya dace, saboda haka, yana cikin maganar lafiyarsu.

A da, tsarin rayuwa da kansa yake daidaita wannan zama. Daka da niƙa da ɗebo ruwa da zuwa gona ko kasuwa a ƙafa sukan motsa jiki ba tare da an kira su motsa jiki ba, amma injin niƙa da babur da keke mai ƙafa uku sun ɗauke yawancinsu, wayar hannu kuma ta cinye ɗan lokacin da ya rage. Ba wanda zai yi fatan a mayar da mata ga wahalar turmi da taɓarya, sai dai dole a cike giɓin da aka bari. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, wato irin wanda ke ɗan ƙara numfashi amma bai hana magana ba, kuma waɗanda suka kai shekara 65 su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako domin rage faɗuwa, wadda ke yawan jawo karayar ƙugu ga tsofaffi. A ƙasar Sin ana cim ma wannan da taici, jerin motsi ne da ake yi a tsaye a hankali ana mayar da nauyin jiki daga ƙafa zuwa ƙafa, kuma gwaje-gwajen asibiti sun nuna yana rage faɗuwar tsofaffi. A Indiya kuma akwai yoga. Musulmi da yawa sukan yi taka-tsantsan da waɗannan saboda tushensu na aƙida, kuma suna da hujja, amma abin da ke amfanar jiki a cikinsu, wato jinkirin motsi da tsawaita numfashi da tattara hankali a kan abin da gaɓoɓi ke yi, bai rataya ga wata aƙida ba.

Bakatsine ma ba baƙo ba ne ga motsi cikin natsuwa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin, irin su Ahalari, sun lissafa natsuwa da daidaito cikin farillan salla, ma'ana gaɓoɓi su tsaya cak na ɗan lokaci a ruku'u da sujada da zama, mutum kuma ya miƙe sosai bayan ya ɗago, sannan sunna ta yi umarni a tafi masallaci da kwanciyar hankali ba da gudu ba. Salla ibada ce, kuma ba daidai ba ne a mayar da ita atisaye ko a yi ta da wannan niyya. Abin lura kawai shi ne mai sana'ar da ke ajiye allura idan an kira azahar da la'asar, ya yi alwala, ya taka zuwa masallaci, ya yi raka'o'insa ba tare da gaggawa ba, ya riga ya katse dogon zaman da ke cutar da bayansa, ya kuma ba idanunsa damar duban nesa.

Abin da ya rage masa kaɗan ne. Yana iya miƙewa bayan kowane rabin sa'a ya juya wuya da kafaɗu a hankali, ya buɗe yatsu ya rufe, ya ja numfashi ta hanci ya sake shi a tsawon da ya fi na shaƙa, domin doguwar fitar da numfashi tana rage saurin bugun zuciya. Tattakin minti talatin kwana biyar a mako ya cika minti 150 ɗin nan, kuma a yanayin Katsina, inda zafin watannin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, bayan sallar asuba ne lokacin da ya fi dacewa, a hunturu kuma mai asma ya rufe hanci saboda ƙura. Mai tafiya daga Hasumiyar Gobarau zuwa Ƙofar Soro ya zaga ta cikin lungunan tsohon gari ba ya bukatar takalmi na musamman ko kuɗin shiga, matan da ba su cika fita ba kuma suna iya zagaya tsakar gida, ko su tsaya da ƙafa ɗaya suna dafe da bango na daƙiƙa ashirin su sauya, wanda shi ne mafi sauƙin atisayen daidaita tsayuwa.

Cibiyoyin koyar da sana'a, irin su Ƙauyen Sana'o'in Matasa da aka kafa a Katsina zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema, an gina su ne domin samar da abin dogaro, kuma ba zai ci musu komai ba idan suka koya wa ɗalibai yadda ake zama da hutawa da miƙe jiki tare da yadda ake riƙe kayan aiki. Bukatar ta fi tsanani ga mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana zuwa cikin birni, waɗanda da yawansu ke fama da firgici da rashin barci, ga rashin abin yi, kuma zaman saƙa ko ɗinki cikin 'yan uwansu zai iya ba su ɗan kuɗin shiga da abokan hira a lokaci guda. Amma wanda baƙin ciki ya danne shi fiye da mako biyu har ya daina cin abinci ko barci, ko yake jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko tunanin halaka kansa ya fara zo masa, wannan likita yake bukata ba tare da jinkiri ba, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko wani asibiti mafi kusa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba shi haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Haka nan mai hawan jini ko ciwon suga da ya fara tattaki da ɗinki zai ci gaba da shan maganinsa, kuma likitansa ne kaɗai zai ce a rage ko a sauya.