Kada Ku Bar Injin Ban Ruwa Ya Yi Aiki a Bushe

'Yan'uwa manoma, daga watan Maris zuwa Mayu ruwan rijiyoyin fadama yakan ja baya a Aliero da Maiyama, har da Jega inda Gulbin Zamfara ya ratsa. A wannan lokaci ne injuna suka fi lalacewa. Sau da yawa ba tsufa ne ya kashe su ba. Ruwa ne ya ƙare a ƙasa, inji kuwa yana ta juyawa.

Ga dalili. A bayan farfelar inji akwai wasu zobba biyu masu santsi da ke gogar juna, makanikai suna ce musu sil. Ruwan da inji ke ja shi ne ke jiƙa su, yana sanyaya su. In babu ruwa, cikin 'yan mintoci sai su yi zafi su tsage. Daga nan inji ya soma yoyo, yana shaƙar iska maimakon ruwa.

Mai injin fetur yana da sauƙi, gama yana kusa. In ya ji ƙarar ta sake, ko mesa ta fara tofar da ruwa da kumfa, sai ya kashe nan take. Ku tuna, irin wannan inji ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. Shi ya sa masu albasa suke haƙa rami a bakin rijiya su saukar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne famfon sola. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, manoma da dama sun koma gare shi. Wannan famfo da kansa yake tashi in rana ta fito, ko da kowa yana kasuwa. Wanda ake nutsarwa cikin rijiya kuma, ruwan ne ke sanyaya motarsa. Na ga wata ƙungiya da ta yi karo-karo ta sayi ɗaya, ta sa masa ƙwallon roba mai iyo a cikin tanki, wanda ke kashe shi in tanki ya cika. Suka ɗauka sun gama. Amma ƙwallon tanki bai san abin da ke cikin rijiya ba! Rijiya ta ƙafe, tanki bai cika ba, famfo ya yi ta aiki har ya ƙone, albasa kuwa tana tsakiyar yin kai.

Saboda haka tsaro biyu ake bukata, ɗaya a tanki, ɗaya a rijiya. Na rijiya ɗan ma'auni ne da ake ɗaurewa sama kaɗan da bakin da famfo ke shan ruwa. In ruwa ya sauka ƙasa da shi, sai akwatin sarrafa famfo ya yanke wuta, ya jira rijiya ta taru. Waɗansu masu haɗawa sukan haɗe wayoyinsa kawai su tafi, don a ga ruwa na zuba a biya su. Kada ku yarda. Kafin ma'aji ya biya, a ɗaga ma'aunin daga ruwa a gabanku. In famfo bai tsaya ba, aiki bai ƙare ba.

In kuwa kun ga yana yawan tsayawa da tsakar rana, ba lalacewa ya yi ba, ya fi ƙarfin rijiyar ne. A rage masa gudu, a raba ban ruwa safe da yamma, sakatare kuma ya riƙa auna zurfin ruwa da igiya kowane mako yana rubutawa.