Wata uku na horo, mita 2,000 na tsere: yadda mai lambun Yamai ya tuƙa kwale-kwale a gasar Olamfik

Ranar 28 ga watan Yulin 2012, a tafkin Eton Dorney da ke yamma da birnin Landan, ƴan tseren kwale-kwale sun riga sun kai ƙarshen fage suna mayar da numfashi, amma akwai jirgi guda can baya da bai iso ba. Mai tuƙa shi ɗan Nijar ne, Hamadou Djibo Issaka, mai shekara 35. Ƴan kallo suka yi ta tafi da sowa suna ƙarfafa masa gwiwa, har ya tsallake layi cikin minti 8 da daƙiƙa 25, fiye da minti ɗaya da rabi bayan wanda ya zo na farko.

Cikin ƴan kwanaki sunansa ya cika jaridun Ingila, kuma gardama ta tashi: shin ya dace mutumin da bai wuce wata uku yana koyon wasa ba ya tsaya fage ɗaya da gwanayen duniya?

Daga lambu zuwa tafkin Landan

Djibo Issaka ba da wasa yake ci ba. A Yamai aikinsa kula da lambu ne da wurin wanka na iyo, kuma iyon shi ne wasan da ya sani. Da aka nemi wanda zai wakilci Nijar a tseren kwale-kwale, sai aka tura shi Masar ya ga yadda abin yake, daga bisani ya wuce Tunisiya ya ƙara horo. Bai shiga gasar ta hanyar cin tseren share fage ba. Kujerar gayyata aka ba shi, irin wadda kwamitin Olamfik na duniya ke ware wa ƙasashen da ba su da ƴan wasa da yawa, don kada a bar su a baya.

Wanda ya saba ganin masunta a kogin Isa zai ɗauka tuƙi duk tuƙi ne, alhali jirgin tsere daban yake da na su. Tsawonsa ya kai kimanin mita 8, nauyinsa kilo 14 kacal, kuma siririntarsa ta sa kuskure kaɗan ya isa ya kifar da mutum. Matuƙi yana zaune ne ya ba inda za shi baya, da filafili biyu a hannu, kujerar tana zamewa gaba da baya a ƙarƙashinsa. Mafi yawan ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa, sai baya, hannuwa ne na ƙarshe. Idan filafilin ya nutse da yawa, ko ya shiga ruwa a karkace, ƙarfin ya tafi a banza. Shi ya sa gwanayen wasan kan shafe shekaru suna gyara bugu ɗaya. Shi kansa Djibo Issaka bai ɓoye wa manema labarai ba cewa dabara ba ta ishe shi ba, ƙarfin jikinsa ya dogara da shi.

Sau huɗu ya shiga ruwa

Tsarin gasar bai barin wanda ya faɗi a zagayen farko ya tattara kayansa. Washegari ya sake komawa tseren neman dama ta biyu, ya yi minti 8 da daƙiƙa 39. Bayan nan ya ƙara tsere biyu na tantance matsayi. Cikin mutum 33 da suka fafata a rukunin maza na matuƙi ɗaya, shi ne na 33. Wanda ya ci zinare, Mahé Drysdale ɗan ƙasar New Zealand, ya gama tseren ƙarshe cikin minti 6 da daƙiƙa 57.

Mita 2,000 a kwale-kwale na daga cikin mafi wahalar abin da jiki ke ɗauka a wasanni: nisan ya wuce a yi shi da gudu ɗaya, kuma bai kai wanda za a sassauta a tsakiya ba. Wanda tuƙinsa bai gyaru ba ya fi kowa shan wuya, don ya fi daɗewa a ruwa yana kashe ƙarfi. Duk da haka, a tsere huɗun babu wanda ya ajiye filafili kafin layi.

Masu yabo da masu suka

Jaridun Ingila sun laƙaba masa suna “karen ruwa”, suna kwatanta shi da Eric Moussambani na Equatorial Guinea, wanda ya yi iyon mita 100 shi kaɗai da ƙyar a gasar Sidni ta 2000. Amma ba kowa abin ya burge ba. Steve Redgrave, Baturen Ingila da ya ci zinare a gasar Olamfik biyar a jere, ya nuna rashin jin daɗi, yana cewa akwai matuƙan da suka fi shi nesa ba kusa ba waɗanda ƙa'idar adadi ta hana su zuwa. Hukumar wasan ta duniya ta kare matakin, bisa hujjar cewa ta haka ne wasan zai shiga ƙasashen da ba a san shi ba.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. Gayyata takan buɗe ƙofa, amma ba ta sayen jirgi, ba ta biyan mai horarwa, ba ta kafa ƙungiyar da yaro ɗan shekara 12 zai fara koyo a cikinta. Djibo Issaka ya ce burinsa ya dawo a gasar Riyo ta 2016 da shiri mai kyau. Bai samu zuwa ba.

Abin da Riyo ta nuna

A Riyon ne wani ɗan Nijar, Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ya ci azurfa a wasan taekwondo, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar da Issaka Daboré ya samu a dambe a Munich a 1972. Alfaga ya yi shekaru yana wasan tun yana yaro, kuma a Jamus ya yi horon da ya kai shi wannan matsayi. Shekara guda bayan haka ya zama zakaran duniya.

Tsakanin mutanen biyu, bambancin shekarun horo ne da kayan aiki. Matasan da ke sammako suna gudu a kewayen filin wasa na Janar Seyni Kountché, da masu ɗaga ƙarfe a unguwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, yawancinsu halin Djibo Issaka suke ciki: ga ƙarfi, ga niyya, amma babu mai gyara musu kuskure. Gasar Olamfik ta gaba a Los Angeles za a yi ta a 2028, kuma duk wanda Nijar ke son ya je can ya yi gogayya ta gaskiya, yanzu ne lokacin fara horar da shi.