Tseren Bart: Yadda ɗaruruwan kulob-kulob suka yi gasa ɗaya ba tare da sun haɗu ba

Ranar Lahadi, 21 ga Satumba, 2014, dubban ƙananan jiragen ruwa suka yi tsere guda ɗaya, alhali wasu suna teku a Ingila, wasu suna tafki a wata nahiya dabam, ba mai ganin wani. Ba jirage masu inji ba ne. Irin waɗanda ake ɗaura wa faffaɗan ƙyalle a jikin dogon sanda ne, wato filafili, iska ta riƙa tura su. Sunan gasar Bart's Bash, kuma don tara gudummawa aka shirya ta.

Bart laƙabi ne na Andrew Simpson, ɗan Birtaniya, wanda ya samo asali daga yaron nan na wasan zane na talabijin mai suna Bart Simpson. Ya ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta Beijing a 2008 tare da abokinsa Iain Percy, suka kuma ci azurfa a Landan a 2012. Ranar 9 ga Mayu, 2013, yana atisaye da ƙungiyar Artemis ta ƙasar Suwidin a gaɓar San Faransisko, jirginsu mai tsawon ƙafa 72 ya kife, ya maƙale a ƙarƙashinsa, ya rasu yana da shekara 36. Matarsa da abokansa, Percy da Ben Ainslie, suka kafa gidauniya da sunansa don koya wa yara tuƙin jirgi, musamman waɗanda iyayensu ba su da hali.

To gidauniya sai da kuɗi. Abin da aka saba shi ne a zaɓi kulob ɗaya, a gayyato sauran, kowa ya ɗoro jirginsa a tirela, a kama otal, a yi liyafar dare. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tara kuɗi, ko na makaranta ne ko na unguwa, ya san yadda hayar rumfa da kujeru da abincin manyan baƙi ke lashe abin da aka tara. Masu shirya wannan gasa suka ce kowa ya zauna a gidansa. Kowane kulob ya yi tserensa a ruwansa, da jiragensa da mutanensa, a rana ɗaya, sannan ya aika da sakamako ta intanet a haɗa. A ganina a nan duk dabarar take: ɗawainiya ta rarrabu a kan mutanen da dama can suna yin ta kowane ƙarshen mako kyauta.

Kuma ɗawainiyar ba kaɗan ba ce. Kafin tsere kulob zai fitar da sanarwa a rubuce, mai faɗin wa zai iya shiga, da wane irin jirgi, da ƙarfe nawa. Akwai takarda ta biyu mai bayanin hanyar da za a bi. Da sassafe wasu za su fita su jejjefa alamomi masu yawo a kan ruwa, kuma sai sun duba daga ina iska take busowa, domin jirgi mai filafili ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama da hagu har ya kai. Idan iska ta juya, sai a sake shiri. Alƙalin tsere yana cikin wani jirgi a bakin layin farawa da tutoci da ƙaho: busa ta farko saura minti biyar, ta biyu saura huɗu, ta uku saura ɗaya, ta huɗu a tashi. Ga masu riƙe agogo, ga masu rubuta lambar kowane jirgi, ga kwamitin sauraron ƙorafi idan wani ya ce an tare masa hanya. Sama da duka akwai jiragen ceto masu inji da ke zagayawa, da rigar kariya a jikin matuƙa, da inshora. Gasar tunawa da wanda ruwa ya ci, ai ba ta wasa da wannan ɓangare.

Inda abin ya fi jan hankalina, a matsayina na mai koyar da lissafi, shi ne yadda ake fitar da wanda ya ci. Jiragen ba iri ɗaya ba ne. Akwai Optimist, ɗan ƙaramin da yara ke koyo da shi, akwai Laser na mutum ɗaya da ake zuwa Olamfik da shi, akwai manya masu ɗaki a ciki. Idan wanda ya fara isowa ne ya ci, to mai kuɗi ne zai ci kullum. Shi ya sa hukumar wasan ta Birtaniya, RYA, take da wani ma'auni da ake kira Portsmouth Yardstick. Kowane nau'in jirgi yana da lambarsa, mai gudu lambarsa ƙarama, mai nawa lambarsa babba. Sai a ninka lokacin da jirgi ya ɗauka da 1000, a raba da lambarsa.

Mu ɗauki misali. Jirgi mai lamba 1100 ya gama a minti 44, lissafi ya ba shi 40. Wata yarinya a jirgi mai lamba 1600 ta iso bayan awa guda cur, kowa ya riga ya fito yana shan shayi. Lissafi ya ba ta 37 da rabi. Ita ta ci. Na ba 'yan ajina wannan a darasin ninkawa da rabawa, kuma gardamar da suka yi a kan ko an yi adalci ta fi lissafin tsawo.

A gasar Bart an ƙara wani mataki, tunda hanyoyin ma ba tsawonsu ɗaya ba. Kowane kulob ya aika da tsawon hanyarsa da lokacin kowane jirgi da ƙarfin iskar da aka samu, kwamfuta ta daidaita. A nan kam ina da ja. Iskar tafki da ta teku ba ɗaya ba ce, ga igiyar ruwa, ga gwanintar wanda ya auna. Wanda ya zo na ɗaya a duniya ta wannan hanya, sa'a ta taimake shi ba kaɗan ba. Sai dai jerin sunayen ya yi aikinsa: yaro ɗan shekara goma yana iya buɗe waya ya ga sunansa a jeri ɗaya da na Ben Ainslie, kuma wannan ne ya fito da mutane.

Kuɗin fa? Wasan nan ba shi da 'yan kallo masu sayen tikiti. Wanda ya tsaya a gaɓa ba abin da zai hango sai fararen ƙyallaye can nesa. Gudummawar daga matuƙan take fitowa, da 'yan uwa da abokan aiki da suke roƙa ta shafuka irin su JustGiving. A Birtaniya kuma akwai tsarin Gift Aid, inda gwamnati ke ƙara kwata a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar. Masu shiryawa sun ce sama da mutum 30,000 ne suka shiga a kulob sama da 500, kuma an tara fiye da fam 300,000.

Kundin bajinta na Guinness ya amince cewa shi ne tseren jirage masu filafili mafi girma da aka yi a rana ɗaya, amma jirgi 9,484 a wuri 237 kawai ya ƙirga. Sauran sun yi tseren, sai dai Guinness ba ya ƙirga abin da bai zo da shaidu da cikakkun takardu ba. Masu riƙe da littafin kuɗin ƙungiyoyinmu su duba wannan tazara da kyau.

Wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da wasan masu kuɗi? Akwai gaskiya a ciki. Jirgi da kuɗin zama ɗan kulob sun fi ƙarfin talaka ko a Turai, kuma saboda wannan gibin ne ma aka kafa gidauniyar. Amma tseren ruwa ba baƙo ba ne a nan Ghana. A Elmina ana tseren kwale-kwale a tafkin Benya lokacin bikin Bakatue a watan Yuli. Kuma ruwa yana cin 'ya'yanmu. A Janairun 2023 'yan makaranta takwas suka rasu a tafkin Volta, a gundumar Sene ta Gabas, lokacin da kwale-kwalen da ke kai su makaranta ya kife.

Garuruwan bakin tafkin nan, irin su Yeji da Kete Krachi da Dambai, suna da nisa da juna, tara masuntansu wuri ɗaya sai an kashe kuɗi mai yawa. Amma kowane gari yana da kwale-kwale da matuƙa da sarkin masunta. Abin da za a buƙata shi ne rana ɗaya da aka yarda da ita, hanya mai tsawo ɗaya da aka auna, a raba jirage bisa yawan masu tuƙi, jirgi mai inji a kusa don ceto, da mutum biyu amintattu a kowane gari masu riƙe agogo da rasit. Kuɗin da aka samu a saya wa 'yan makarantar da ke tsallaka ruwa rigunan kariya, a kuma liƙa lissafin a inda kowa zai karanta.